Rigimar hostel a makon farko ake shuka ta

Ga sababbin ɗaliban da suka samu gado a hostel, da iyayen da ke raka su da akwati da katifa, ra'ayina shi ne yawancin wahalar ɗakin kwanan jami'a a makon farko take samo tushe. Mutum huɗu ko shida da ba su taɓa sanin juna ba sun haɗu a ɗaki guda, kowa na kawaici, kowa na jin nauyin ya faɗi abin da yake so da wanda ba ya so. Kawaici abu ne mai kyau a muhallinsa, amma a nan tsada gare shi. Kafin wata biyu sai ka ji an daina gaisawa saboda fitila, ko bokiti, ko caja. Zo mu zauna zo mu saɓa gaskiya ne, sai dai saɓanin da aka yi wa shiri tun wuri ba ya kaiwa ga gaba.

Kafin ku kwance kaya, ku zagaya ɗakin da waya a hannu. Ku ɗauki hoton gilashin taga, makullin ƙofa, murfin loka, soket, fanka, ƙarfen gado, da duk wani tabon ruwa a silin. Abin da ya lalace ku rubuta shi a takarda, ku kai ofishin masu kula da hostel, ku riƙe kwafi mai kwanan wata. A ƙarshen shekara wanda aka tarar a ɗaki shi ake ɗora wa ɓarna, kuma "haka na same shi" ba hujja ba ce idan babu shaida.

Sai kuɗin cizo, wanda ya fi komai hana ɗalibi barci. Kada ku shimfiɗa katifa sai kun haska tocila a ɗinkin gefen katifar da kuka tarar, da mahaɗar ƙarfe ko katakon gado, da tsagar bango, da bayan soket. Abin da kuke nema shi ne ɗigon baƙi ƙanana, waɗanda kashinsa ne, da saɓar da ya tuɓe, da farin ƙwai wanda tsawonsa bai wuce milimita 1 ba. Babba yakan kai milimita 5, a baje yake, shi ya sa yake shiga tsagar da ido ba ya kulawa da ita. Yana iya yin watanni bai sha jini ba, don haka ɗakin da ya yi dogon hutu a rufe ba lallai ya zama babu shi ba. Kuma ba ƙazanta ce ke kawo shi ba, a jaka da katifa da tufafi yake tafiya, saboda haka a daina nuna wa wani ɗan ɗaki yatsa.

Dalilin da ya sa feshi yake kasawa biyu ne. Na farko, yawancin magunguna ba sa kashe ƙwai, ƙwan kuma yana ƙyanƙyashewa cikin kwana 6 zuwa 10. Wanda ya yi feshi sau ɗaya ya ga sauƙi na mako guda, sai sababbi su fito. Dole a maimaita bayan kwana 10 zuwa 14. Na biyu, idan ɗaki ɗaya ya yi feshi shi kaɗai, ƙwarin sukan bi tsagar bango su koma maƙwabta, ƙamshin magani na gushewa su dawo. Aikin na dukan layin ɗakuna ne a rana guda. Zafi ya fi magani tasiri a kan tufafi da zanin gado: ruwan da ya kai digiri 60 yana kashe babba da ƙwai, dutsen guga mai zafi a kan ɗinki ma haka. Abin da nake roƙo da babbar murya shi ne kada kowa ya shigo da maganin ƙwarin gona ko ƙwayar da ake saka wa hatsi a rumbu cikin ɗakin kwana. Ƙwayar nan tana sakin iskar guba da ke ratsa ƙofa da tsaga, ta kashe mutane suna barci, har da na ɗakin da ke kusa.

Wutar lantarki ita ce haɗarin da aka fi rainawa, alhali lissafinta mai sauƙi ne. Inda wutar gida take volt 230, istenshan mai ɗaukar amfiya 13 iyakarsa kusan wat 3,000 ne, duk yawan ramukansa. Mai siririyar waya ma bai kai haka ba. Cajar waya tana jan wat 5 zuwa 25, kwamfutar cinya 45 zuwa 90, waɗannan ba su da matsala ko da guda shida ne. Masu haɗarin su ne duk abin da ke yin zafi: butar lantarki tana jan 1,500 zuwa sama da 2,000, dutsen guga 1,000 zuwa 2,000, risho na lantarki 1,000 zuwa 1,500. Buta da dutsen guga a istenshan guda suna iya cika ma'auni ko su wuce. Duba ƙasan kowace na'ura, an rubuta abin da take ja. Mai zafi ta tafi soket ɗin bango kai tsaye, ɗaya bayan ɗaya. Kada a jona istenshan a jikin wani istenshan, kada a bar wayar istenshan a nannaɗe tana aiki domin zafi yana taruwa a cikinta, kada a bi da ita ƙarƙashin katifa. Soket ɗin da filogi ke rawa a cikinsa yana tartsatsi a ɓoye. Idan ya yi baƙi, ko ya ɗau zafi, ko kun ji ƙaurin roba, ku kashe ku kai rahoto a ranar. Idan fis ya ƙone, yana gaya muku kaya sun yi yawa ne, ko akwai matsala a wayar lantarki. Wanda ya maye shi da zaren waya ya cire abin da ke tsakaninku da gobara.

Idan an ɗauke wuta, abu na farko shi ne a zare dutsen guga da risho, domin wutar kan dawo lokacin da kowa ya fita aji. Wutar da ta kama a wayar lantarki ba a watsa mata ruwa sai an katse lantarkin daga tushe, wadda ta kama a mai kuma a rufe tukunyar da murfi a kashe murhu. Gawayi ko janareta a rufaffen wuri suna fitar da iskar da ba ta da wari, tana kashewa cikin barci. Ku san ƙofofin fita biyu daga benenku tun kafin ku buƙace su.

Yanzu zaman da nake cewa a yi a daren farko ko na biyu. Minti talatin ya isa. Ƙarfe nawa ake kashe babbar fitila, mai karatun dare ya koma ƙaramar fitilar tebur ko ɗakin karatu? Kiran waya bayan wannan lokacin a baranda ake yinsa, sauti kuma ta abin kunne. Mai tashi da wuri ya ajiye ƙararrawarsa kusa da kai, ta buga sau ɗaya ya kashe. Baƙo zai iya kwana, kwana nawa, wa za a tambaya? Me ake ɗauka ba tare da izini ba, me ba a taɓawa sam? Tawul, reza, burushi da soso ba a aronsu, wannan maganar lafiya ce. Shara da wankin banɗaki a rubuta suna da rana a manna a bayan ƙofa, domin "duk wanda ya ga datti ya share" yana ƙarewa ne a kan mutum ɗaya, shi kuma ya tara haushi. Makulli nawa ne, a hannun wa, kuma ba a ba wanda ba ɗan ɗaki ba. Abin da aka haɗa kuɗi aka saya, a faɗi wanda zai tafi da shi a ƙarshe. Ku rubuta duka a guruf ɗin ɗaki. Idan wani ya saɓa, a gaya masa ido da ido a ranar, cikin mutunci, ba habaici a sitatus ba.

Ku riƙa lura da lafiyar juna. Cunkoso yana saurin yaɗa sanƙarau, kuma yana iya kisa cikin awa 24. Zazzaɓi mai zafi tare da ciwon kai, sanƙarewar wuya, ƙin haske ko ruɗewa ba abin jiran gari ya waye ba ne, asibiti ne nan take. Akwai rigakafinsa, a tambaya kafin a tare. Ƙazwa kuma, ƙaiƙayin da ke tsananta da dare a tsakanin yatsu, sai an yi wa dukan 'yan ɗaki magani lokaci guda, in ba haka ba za ta yi ta zagayawa. Wanda ya daina zuwa aji, ya daina cin abinci, ya wuni a kwance fuska ga bango, ku zauna kusa da shi ku tambaye shi, ku raka shi wurin likita ko mai ba da shawara.

Hukumomin jami'a ma da nasu nauyin, kuma ɗalibai suna da haƙƙin nema a rubuce ta hannun wakilansu: feshin dukan gini sau biyu a lokacin hutu, na'urar kashe gobara mai kwanan watan dubawa a kowane hawa, ma'aikacin lantarki da zai duba soket kafin a dawo, da cire kwaɗo daga ƙofar gaggawa muddin akwai mutane a cikin ginin.