Ziyarar marubuci makaranta ba yawon shaƙatawa ba ce

Da yawa suna ɗauka marubucin littattafan yara da ke zagaya makarantu a Ingila ko Amurka kamfanin ɗab'i ne ke biya masa, shi kuma yawon buɗe ido yake. Ba haka ba ne. Galibi makarantar ce ke biyansa ladan yini, kuma marubuta da dama da wannan kuɗin suke rufa wa kansu asiri, domin kason da suke samu a kowane littafi kaɗan ne, sau da yawa ma sai an raba da mai zane. Littattafan da yara ke saya ranar kuwa, ƙaramin kantin unguwa ne kan kawo su, marubucin ya sa hannu. A Ingila hidimar ta fi yawa a Ranar Littafi, Alhamis ta farko a watan Maris.