Taƙaita izinin fayil ba rashin yarda ba ne

Yana damuna yadda ma'aikata da yawa ke ɗauka cewa idan mai kula da kwamfutocin ofis ya hana su gyara wasu fayiloli, bai yarda da su ba ne. Na fahimce su, neman izini kullum ba daɗi.

Sai dai muguwar manhaja da ikon asusunka na kwamfuta take aiki. A ce akawu ya buɗe fayil ɗin da aka turo masa ta imel, ashe manhaja ce mai kulle fayiloli don neman kuɗin fansa. Duk abin da yake da izinin gyarawa za ta kulle, har takardun albashi. Inda aka ba shi izinin karantawa kawai kuwa, ba ta iya canza komai.