Jikan Sarkawa a Kan Yashi

Tun muna gida nake gaya wa uwargida cewa ni jinin Sarkawa ne. A Yawuri aka haife ni, a bakin Kwara, kuma tun ina yaro nake jin ana cewa da kifi kakana ya riƙe gidansa. Ita kuwa 'yar Daura ce, garin da duk ruwan da ya yi suna a cikinsa rijiya ce guda ɗaya. Saboda haka maganar ruwa a gidanmu ba ta da gardama, tawa ce.

Aikin jinya ya kawo ta Southampton a kudancin Ingila, ni kuma na biyo ta. Wata abokiyar aikinta ta taɓa fita da ita a irin jiragen nan na shaƙatawa masu doguwar sanda a tsakiya, waɗanda iska ke turawa da ƙyalle, shi ke nan Hajiya ta kamu. Hunturu guda ta ƙare shi a kan teburin cin abinci da taswirar teku da rula, da wani ɗan littafi cike da lambobi kamar jadawalin lokutan salla, wai lokutan cikar teku da janyewarta ne. Daga baya ta yi kwana 5 a kan ruwa ana koya mata, ta dawo da takardar shaidar da za a iya ba ta hayar jirgi da ita. Na ce Allah Ya sa albarka, a raina ina cewa abin da ke cikin jini ba a koyonsa da rula.

Ranar wata Asabar ta ɗauko mana hayar jirgi mai tsawon mita 10 a kogin Hamble, za mu tsallaka zuwa Cowes a tsibirin Wight mu kwana. Ita ta biya, sunanta ne a takarda. Amma saurayin da ya zo miƙa mana jirgin, yana isowa ni ya ba hannu, ni ya ba makulli, ni ya ja ya nuna wa inji da inda ake duba mai. Da ya gama ya juya wajenta da fara'a ya ce, "Ga wurin girki nan, a riƙa rufe gas idan an gama." Na ga ta ɗaga gira. Ni dai na gyaɗa kai a kan bayanin injin kamar tare muka ƙera shi.

Kafin mu tashi na tsaya ina nazarin jiragen da ke shiga da fita, sai na ga wani abu da ya sanyaya mini rai. Turawan nan da kullum suke mana wa'azi a kan mata, ashe a kan ruwa duk sammakal. Kusan kowane jirgi, maigida na baya ya kama sitiyari, hula a kai, yana zuba umarni da ƙarfi, matar kuma na gaba da igiya a hannu, ita ce mai tsalle, ita ce mai jan anka, ita ce mai kare jirgi kada ya daki na maƙwabta. Wato shi direba, ita kwandasta, kuma idan aka yi karo laifin kwandasta ne. Wani dattijo a jirgin kusa da namu ya leƙo ya ce mini su a nan "Adimiral" suke ce wa matansu, wato babbar hafsa mai muƙami amma ba ta taɓa sitiyari. Ya yi dariya, na yi dariya. Matarsa tana naɗe igiya, ko kallonmu ba ta yi ba.

Hajiya ce ta fitar da mu daga matsaya, don wurin da matsi, ni kuma na ce ina nazarin iska. Da muka fita fili aka ɗaga ƙyalle, jirgi ya ɗan kwanta ya fara gudu ba ƙarar inji, sai jinin ya motsa. Na ce, "Hajiya, kawo nan ki huta."

Ta ba ni, amma da sharaɗi. Ta shimfiɗa taswira ta nuna mini wani wuri a tsakiyar mashigin Solent. Ta ce sunansa Bramble, tudun yashi ne a ƙarƙashin ruwa, kuma yanzu teku janyewa take yi. Jirginmu yana da wani ƙarfe mai nauyi a ƙasa wanda ke hana shi kifewa, ya nutse kusan mita 2, don haka dole mu zagaye, mu bi alamun da ke yawo a kan ruwa. Ta ce akwai ranar da yashin ke fitowa fili gaba ɗaya, har ƙungiyoyi biyu na masu jirage su zo su buga wasan kurket a kansa sau ɗaya a shekara, na kamar awa guda, kafin ruwa ya kore su. Na ce to, na ji. Ta sauka ciki dafa shayi.

To ga Cowes can ina hangenta, gidaje da sandunan jirage rututu, hanya a miƙe kamar titin Birnin Kebbi. Ruwa shimfiɗe ko'ina, launi ɗaya. Alamar da ta ce in bi kuma ta yi can gefe kamar mai gudun bashi. Na tambayi kaina, yanzu da kakana ne, zagaye zai yi? Na karkata sitiyari.

Hangen Dala ba shiga birni ba ne. Ba a yi minti 10 ba wata na'ura ta fara ƙara, tit, tit, tit. Na ɗauka butar shayi ce. Daga ciki na ji ta ƙwala, "Maigida, nawa zurfi?" Na duba na ce biyu da wani abu. Kafin in karanto wani abun, sai jirgi ya yi wata irin tsayawa a hankali, irin ta jakin da ya yanke shawara, cikina ya daki sitiyari, kofuna suka zube a ƙasa.

Ta fito ba ta ce mini komai ba, abin da ya fi zagi ciwo. Ta sauke ƙyalle, ta kunna inji ta gwada baya, jirgi ya ƙi. Ta duba ɗan littafinta, ta duba agogo, ta ce saura awa ɗaya da rabi ruwa ya gama janyewa, sannan mu jira ya dawo ya kai inda ya bar mu. Ta leƙa ƙasan jirgi ta tabbatar ba ya yoyo, ta ɗauki oba-oba ta sanar da masu tsaron gaɓa inda muke, cewa ba hatsari, mutum biyu ne, duk da rigar ceto. Muryarta kamar tana karanta wa likita awon jini.

Jirgi ya yi ta kwantawa gefe guda. Azahar ta same mu a haka, na yi ta a zaune na tokare ƙafa da benci, ina karatu ina zamewa.

Sai ga wani jirgi mai inji ya matso daga nesa, mai shi ya haɗa hannu a baki ya ce, "Kyaftin, lafiya?" Na ɗaga hannu. Ya hango Hajiya a tsaye wajen sitiyari, ya yi dariya ya ce, "Ka bar wa madam tuƙi ne?"

Jama'a, a nan ne Shaiɗan ya zo mini da fararen kaya. Shiru kawai zan yi, mutuncina ya tsira. Kuma wallahi na yi shirun, na kai ƙirga uku. Ita ce ta amsa masa, ta ce, "E, daga yanzu." Mutumin ya dube ni, ya dube ta, ya ja jirginsa.

Don in rage zafi na ce ai kowa na kuskure. Ta ce gaskiya ne, ko katafaren jirgin nan QE2 ya taɓa makalewa a wannan yashin a 2008. Na ji daɗi. Sai ta ƙara da cewa amma shi ba a nuna masa taswira minti 10 kafin nan aka ce kada ya bi ba. Daga nan ta ba ni labarin Ellen MacArthur, wadda ta zagaye duniya ita kaɗai a kwana 71 a 2005. Na ce ikon Allah, ya aka yi ta yi sauri haka? Ta ce, "Ba miji a jirgin."

Da ruwa ya fara dawowa sai aka sami aikin da ya dace da ni. Ta ce idan jirgi ya ƙara karkata, ƙarfen ƙasa zai ɗago daga yashi da wuri, don haka ana bukatar nauyi a gefe. Akwai wata sanda a kwance da ke riƙe gindin babban ƙyalle. Ta ɗaura mini igiya a riga, ta sa na hau sandar na rungume, ta tura ta waje ta ɗaure. Ga ni nan, magidanci mai kilo 95, ina lilo a kan teku kamar tufafin shanya, jiragen fasinja na wucewa yara na ɗaga mini hannu. Ta ba inji wuta, jirgi ya yi gurnani, ya ja ciki, ya sulale. Ta ce, "Sannu Maigida, yau tuwon ya yi rana."

Da yamma muka shiga Cowes, ita a sitiyari, ni a gaba da igiya. Ashe aikin kwandastan nan ba wasa ba ne. Jirgi na tafiya, dakalin katako na rawa, ana so ka sauka, ka naɗa igiya, ka tare tan biyar da hannu, duk a lokaci guda. Na yi tsalle tun ba a ce ba, na sauka da gwiwa, takalmi ɗaya ya tafi Faransa. Wata tsohuwa ta karɓi igiyar ta naɗa da hannu ɗaya, ta dubi Hajiya da ta ajiye jirgin ko ƙwai ba zai fashe ba, ta ce shekara 30 tana wannan tsallen, sai yau ta ga an yi rabon daidai. Mijinta ya shiga goge wani abu da ba ya bukatar gugewa.

Bayan an ɗaure jirgi ta ko'ina, na roƙi Hajiya ta ɗauke ni hoto a sitiyari, ta yanke wajen ƙafar da ba takalmi. Na tura zauren danginmu na WhatsApp na rubuta, "Jini ba ya ƙarya." Aka yi ta barka. Can da dare sai ga saƙon murya daga Baffa, yana tari yana dariya.

"Kai yaro, wa ya ce maka kakanka Basarke ne? Banda yake saye ya kai kasuwa. Tsohon nan ko kwalekwale zai shiga sai an rufe masa ido da rawani."

Na sa wayar a kunne don kada ta ji. Daga wurin girki, inda ta tura ni wanke kofuna, na jiyo ta tana cewa, "Ƙaro murya mana, Maigida, mu gaisa da Baffa."