Gasar ces ta kwana-kwana ba ta neman sabis mai ƙarfi

Matasa da yawa a ƙauyukan Ringim da Gumel suna guje wa gasar ces (wasan dara na chess) ta intanet, wai sai mai sabis da caji dare da rana. Wannan gaskiya ne a wasan minti 3 ko 5, ban da na kwana-kwana, wanda ake ba ka kwanaki kafin ka taka.

A Chess.com, shafin buga ces a intanet, ana iya ba ka kwana 3 ga kowane motsi, kuma da ka taka, abokin wasa ya amsa, kwanakin su dawo sabbi. Kenan ko sau ɗaya a rana ka samu sabis, wajen mai cajin waya ko kan tudu, ya wadatar. Kwafe yanayin allon a takarda, ka jera shi a gida, ka yi nazari a natse: wane soja ne ba mai kare shi, wane gida doki zai zauna ba a kore shi ba.

Abin da ya fi kayar da mutane shi ne ɗaukar wasanni da yawa lokacin shuka, su manta, wa'adi ya cika a ba abokin wasa nasara. Duba littafin buɗe wasa ya halatta, amma tambayar manhajar da ke lissafa motsi irin Stockfish maguɗi ne, ana rufe asusu a kansa.