Rahu Kalam a ƙofar coci: camfin Indiya da bangaskiyar Kirista

A kudancin Indiya, kalandar bango ba kwanan wata kaɗai take nunawa ba. Ƙarƙashin kowace rana an rubuta wani lokaci na awa ɗaya da rabi mai suna Rahu Kalam, wanda aka ce duk abin da aka fara a cikinsa ba ya albarka. Ana raba tsakanin fitowar rana da faɗuwarta kashi 8, kowace ranar mako da kashin da ya faɗo mata. Idan rana ta fito ƙarfe 6, na Litinin daga 7:30 zuwa 9:00 na safe ne, na Juma'a 10:30 zuwa 12:00, na Lahadi 4:30 zuwa 6:00 na yamma. A cikinsa ba a ɗaura aure, ba a sa hannu a takardar fili. Wannan lissafi na taurarin Hindu ne, amma akwai gidajen Kirista a jihohin Kerala da Tamil Nadu da ke leƙa kalandar tukuna kafin su tsayar da sa'ar ɗaurin aure da fada. Wannan ne ya dame ni.

Ƙidayar 2011 ta nuna Kiristoci kashi 2.3 cikin 100 ne na mutanen Indiya, kusan miliyan 28, zaune tsakiyar maƙwabta masu wani addini. Binciken cibiyar Pew na 2021 ya gano kashi 54 cikin 100 na Kiristocin nan sun yarda da karma, wato aƙidar cewa aikin da mutum ya yi, ko a rayuwar da ta wuce ne, yana dawo masa, kashi 29 kuma sun yarda ana sake haihuwar mutum bayan ya mutu.

Ni dai ban yarda da masu cewa a watsar da duk abin da ke da ƙanshin Indiya ba. Dubi minnu, ɗan zinaren da ango Kirista ke ɗaura wa amarya a wuya a Kerala. Daga thali, abin wuyan aure na Hindu, ya samo asali, amma an ɗora masa gicciye na ƙananan ƙwayoyin zinare 7, zaren ɗaurinsa kuma ana zaro shi ne daga sari, wato zanen matan Indiya, da ango ya ba amarya. Ba wanda ke tsoron minnu. Shaida ce ta alkawari, kamar zobe. Saboda haka tambayar "daga ina abin ya fito?" ba ta raba gardama. Wadda ke rabawa ita ce: idan aka bar shi, me ake jin zai faru? In an ce kaka za ta ji haushi, al'ada ce. In an ce yaro zai mutu ko shago zai karye, to an ba wani abu ikon da na Allah ne.

A gwada lemon tsami guda da ɗanyen barkono 7 da ake soke wa a zare a rataya a ƙofar shago ko gaban mota. A gwada ɗigon kwalli da ake yi wa jariri a goshi ko bayan kunne don kambun baka, wanda suke kira nazar. Dukansu a kan tsoro suka tsaya. Irmiya 10:2 ya hana a firgita da alamun sararin sama, Bulus kuma a Galatiyawa 4:10 zuwa 11 ya ce yana jin tsoron wahalarsa ta zama banza a kan masu kiyaye ranaku da watanni. Gardamar ma tsohuwa ce: taron majalisar ikkilisiya na Diamper da ke Kerala a 1599, ƙarƙashin Akbishop Menezes na Goa, ya hana zuwa wurin masu duba don zaɓen ranar aure, ko da yake taron nan ya yi ɓarnar ƙona littattafan Suriyanci na Kiristocin Toma, wato tsofaffin Kiristocin Kerala masu danganta asalinsu da manzo Toma.

Inda camfi ya fi cuta shi ne aure. Idan tauraron Mangal, wato Mars, ya faɗo gida na 1, 2, 4, 7, 8 ko 12 a taswirar taurarin da mai duba ke zanawa ta haihuwar yarinya, sai a ce manglik ce, mijinta na iya mutuwa. Maganin da ake ba wasu shi ne a fara aurar da ita ga tulu ko bishiyar ayaba. Kiristan da ya kai ranar haihuwar 'yarsa wurin mai duba a ɓoye ya sa ta cikin wannan tarko da hannunsa. Karma ma haka: tana sa a ɗora wa nakasasshe laifin rayuwar da ta wuce, alhali a Yohanna 9 Yesu ya ce makantar mutumin nan ba zunubinsa ba ne, ba na iyayensa ba.

Akwai kuma camfin da ya sa rigar coci, kuma ya fi wuyar ganewa. Carbi a madubin mota a matsayin laya, Littafi Mai Tsarki ƙarƙashin matashi don korar mugun mafarki, buɗe shi da ka a ɗora yatsa a ce amsa ta zo. Katekizim na Katolika, sakin layi na 2111, ya kira jingina ƙarfin addu'a ga yin ta a zahiri kawai, ba tare da zuciya ba, da sunan camfi. A 2012 ruwa ya riƙa ɗiga daga ƙafar wani gicciye a Mumbai, jama'a na tara suna kai wa gida. Sanal Edamaruku, wani mai yaƙi da camfi a Indiya, ya bi diddigi ya gano daga toshasshiyar magudana yake tsatsowa. Maimakon godiya sai aka kai ƙararsa, har ya koma Finland da zama. Wannan abin kunya ne ga masu bi.

Faston da ya hau bagade ya yi tsawa kawai, ɓoye abin za a yi, ba bari ba. Gara a zauna da iyayen ango da na amarya tun lokacin koyarwar aure, a tambaye su dalilin ƙin ƙarfe 11 na Juma'a, a saurari tsoron da ke ƙarƙashi, a yi addu'a a kansa da sunansa. Mai juna biyu da aka hana ci lokacin husufi a gaya mata ta ci ta sha, abin gudu kawai kallon rana da ido tsirara ne.