Albarushi ba duka ɗaya ba ne, masu shago ku ji tsoron Allah

Tun 2020 muke fama da ƙarancin albarushi a nan Amurka, kuma wallahi abin ya kai mu wuya. Ƙarancin ma da sauƙi, mutum zai iya haƙuri. Abin da ke ƙona mini rai shi ne yadda wasu masu shagon kayan harbi suka mai da wahalarmu hanyar kakkaɓe duk gwangwanin da ya yi musu kwantai, ko da kuwa zai tarwatsa bindiga a hannun mai ita.

Mu masu zuwa filin atisayen harbi da ƙaramar bindiga a ƙarshen mako, da yawanmu a gida muke ɗura harsashinmu, doka a nan ta yarda da haka. Ka tsince kwanson da ka harba, ka wanke, ka sa sabon firaima (ɗan maɓallin da ke kunna wa albarushi wuta) a gindinsa, ka auna albarushi, ka ɗora kan harsashi. Laba ɗaya giren 7,000 ce (giren ɗan ƙaramin ma'aunin nauyi ne), harsashin 9mm kuwa 'yan giren kaɗan yake ci, don haka gwangwani guda mai laba ɗaya ya ishe ka fiye da harsashi dubu. Sauƙin da ya ja mu ke nan.

Amma zaɓen albarushin ba wasa ba ne. Wannan na zamani mara hayaƙi ba irin baƙin albarushin 'yan bindiga na hawan sallah ba ne da ake zuba wa da ƙiyasin ido. Da sikeli ake auna shi, kuma kowane iri da halinsa. Titegroup na kamfanin Hodgdon yana da auki, kaɗan ake sawa, sai dai ɗan wurin da yake ci a cikin kwanso shi ne haɗarinsa: idan hankalinka ya gushe ka zuba sau biyu, ido ba lallai ya gane ba. Unique na kamfanin Alliant ya fi cika kwanso, amma ɓarzarsa fale-fale ce, ba ta bin injin awo daidai, ga datti idan ɗurin mai sauƙi ne. Winchester 231 yana zuba sumul. N320 na Vihtavuori da ake kawowa daga Finlan yana ci tsaf ba ya barin dauɗa, amma kuɗinsa sai mai hali. Mutum zai zauna da littafin ma'auni, ya fara daga mafi ƙarancin awo, ya gwada, ya duba kwanso, ya sake gwadawa, har ya samu wanda ya dace da bindigarsa da nauyin kan harsashinsa. Wata da watanni ake yi ana wannan aiki. Ranar da ka daidaita, ranar za ka je ka tarar da kanta wayam.

Dalilan ƙarancin ba ɓoyayyu ba ne. A 2020, da annobar korona da zanga-zangar da ta biyo baya, miliyoyin mutane suka ruga sayen bindiga, kamfanonin harsashi suka riƙe firaima da albarushi don nasu aikin. Firaima dubu da muke saya wajen dala 30 ya haura dala 100. Ba mu gama farfaɗowa ba yaƙin Yukren ya ɓarke a Fabrairun 2022, sinadarin naitiroselulos da ake yin albarushi da shi ya koma hannun masu ƙera harsashin igwa. A 2024 aka sanar da dakatar da fitar da albarushin Alliant na gwangwani saboda wannan ƙarancin, Bullseye da Unique da mutane suka fi shekara ɗari suna amfani da su suka yi ɓatan dabo. Duk wannan na fahimta, ba laifin mai shago ba ne.

Laifinsa shi ne abin da yake faɗa wa mai saye. Na shiga wani shago a garinmu na tambayi irin da nake amfani da shi, yaron da ke kan kanta ya ce babu, ya ɗauko mini wani daban. Ya nuna mini jadawalin saurin cin wuta da ke liƙe a bango, ya ce ai suna kusa da juna a jeri, in sa awona na da kawai. Subhanallahi! Wannan jadawali jeri ne kurum daga mai saurin ci zuwa mai jinkiri, ba ma'auni ba ne, kuma kamfanonin da ke buga shi da kansu suna gargaɗin kada a ɗauki awo daga cikinsa. Biyu za su iya zama maƙwabta a takarda amma ƙarfin da suke tarawa a cikin bututun bindiga ya bambanta nesa ba kusa ba. Akwai inda sunaye biyu suke abu guda, kamar HP-38 da Winchester 231, amma kamfanin da ke sayar da su ne ya tabbatar da hakan, ba hasashen mai kanta ba. Na ce masa ya nuna mini shafin ma'auni na wannan albarushi da nauyin kan harsashina, ya ce ba su ajiye littafi. Shagon da ke sayar da abin fashewa, babu littafin ma'auni ko ɗaya! A bayana kuma ga wani matashi riƙe da sabon injin ɗuri a kwali, yana jiran irin wannan shawarar. Shi wa zai faɗa masa? Yatsunsa da idanunsa ne a cikin haɗari, da na wanda ke tsaye kusa da shi a fili.

Ka ce bari in saya ta intanet, nan ma wata azabar. Bayan kuɗin aike, sai an caje ka kuɗin kaya masu haɗari, dala 20 zuwa 40 a kowane aike, ko laba ɗaya ka saya. Hikima ita ce ka sayi babbar jarka mai laba takwas don kuɗin ya bi ruwa, amma wane mai hankali zai zuba ɗaruruwan daloli a albarushin da bai taɓa gwadawa ba? Sannan su ƙayyade maka laba ɗaya ko biyu. Saƙon "kaya sun iso" ya shigo wayarka kana wurin aiki, kafin ka tashi 'yan kayi-nayi sun kwashe, gobe ka gan shi a kasuwar baje kolin bindigogi da ninkin kuɗi.

Ba mu ce mai shago ya ƙera abin da babu ba. In babu, a ce babu. A ajiye littafin ma'auni a kan kanta, kamfanonin ma kyauta suke raba ƙananan littattafansu, suna kuma sa ma'aunin a shafukansu. A hana duk ma'aikacin da bai taɓa ɗura harsashi ba bayar da shawarar awo, a kuma cire wannan jadawali daga bango in ba za a rubuta gargaɗi a ƙarƙashinsa ba. Na rubuta wa mai wannan shago takarda da waɗannan buƙatu, na kuma sanar da shugaban filin atisayenmu don ya ja kunnen sababbin shiga.