Na nemi "kewa" a intanet, ban same ta ba

Wajen ƙarfe uku na dare ne, muna ɗan hutawa a ɗakin ma'aikata, ruwa yana ta dukan taga kamar yadda ya saba a garin nan. Abokiyar aikina, wata dattijuwa 'yar arewacin Wales, ta ga na yi shiru ina ta duban hotuna a waya. Sai ta ce abin da ke damuna yana da suna a harshensu, wai shi hiraeth. Ban rufe baki daga tambayar ma'anarsa ba ta ciro wayarta, ta buɗe manhajar ƙamusunsu ta miƙo mini. Ga kalmar, ga bayaninta da harshen Welsh, ga makusanciyarta a Ingilishi, ga abin da masana suka ce game da asalinta. Ƙasa da wannan kuma jimloli ne jere, kowace da shekararta ko ƙarninta da sunan rubutun da aka tsamo ta, tun daga littattafan da aka rubuta da hannu ɗaruruwan shekaru da suka wuce har zuwa na zamanin nan.

Ta ce, "Ku fa, me kuke ce masa?"

Na ce kewa. Na ce akwai bege ma. Ta ce to in nuna mata.

Na rubuta kewa a wayata. Abin da ya fara fitowa wani harshe ne mai wannan suna a ƙasar Papua New Guinea. Na ƙara kalmar Hausa a gaba, sai wata manhajar fassara ta ba ni kalmar Ingilishi guda ɗaya tilo, wani shafin kuma ya ba ni uku, babu jimla, babu misali, babu wanda ya ce ga inda aka taɓa faɗarta. Matar nan ba ta yi mini dariya ba. Cewa ta yi, cikin tausasawa, wataƙila masu aikin ba su kai ga kalmar ba tukuna. Wallahi wannan tausasawar ta fi dariya ciwo, don na san tana ɗaukar harshena wani ɗan ƙaramin harshe ne da ake lallaɓawa. Na kusa ce mata masu jin Hausa sun ninka masu jin harshenta sau ɗari, amma me zan nuna mata in ta sake cewa in nuna?

Bari in kwatanta muku inda nake. Aberystwyth ɗan gari ne a bakin teku, gidajensa jere masu launi-launi suna fuskantar ruwa, iska ba ta tsayawa, tsuntsayen teku suna ihu tun kafin gari ya waye. Kowane allo na kan hanya harshe biyu ne, nasu a sama, Ingilishi a ƙasa. Ko a kan kwalta, inda ake so direba ya rage gudu, ARAF ake rubutawa da farin fenti kafin a rubuta na Ingilishi. In ka ɗaga kai daga cikin gari za ka hango wani ƙaton gini na dutse a kan tudu, shi ne babban ɗakin karatu na ƙasar Wales. A harabar nan masu ƙamusun da aka nuna mini suke zaune. Sunansa Geiriadur Prifysgol Cymru, wato ƙamusun Jami'ar Wales. An fara tattara kayansa a 1921. Mutane suka yi ta karanta tsofaffin littattafai da jaridu da waƙoƙi, duk kalmar da suka ci karo da ita su rubuta ta da jimlarta a 'yar guntuwar takarda, a adana a akwati. Kashin farko bai fito ba sai 1950, mujalladi na huɗu kuma na ƙarshe sai 2002. Shekara tamanin da 'yan kai ke nan. Waɗanda suka fara aikin ba su ga ƙarshensa ba. Kalmomi kusan 106,000 ne a ciki. A 2014 aka ɗora shi a intanet kyauta, kuma har yau ana gyara shi ana ƙari.

Duk wannan hidima, ƙidayar 2021 ta nuna mutum 538,300 ne ke jin harshen a Wales. Ba su kai mutanen wasu ƙananan hukumominmu biyu ba. Kuma harshe ne da ya sha wuya. A ƙarni na 19, a wasu makarantunsu, yaron da aka kama yana magana da harshen uwarsa sai a rataya masa ɗan katako a wuya, wanda katakon ya yini a wuyansa har aka tashi shi ne mai shan duka. Ba sai na faɗa muku abin da wannan ya tuna mini ba. Duk wanda ya yi boko a wajenmu ya san takardar sunayen masu yin Hausa a aji.

Kada wani ya ce ina nufin ba mu da ƙamus. Muna da su, masu kyau ma. Schön ya fitar da nasa tun 1876. Na Bargery na 1934, mai kalmomi kusan 40,000, har gobe babu mai nazarin Hausa da zai iya kauce masa, kuma an ɗora shi a intanet. Akwai na Abraham da Malam Mai Kano na 1949, akwai na Roxana Ma Newman na 1990, akwai na Paul Newman na 2007. Amma ku dubi jerin nan da kyau. Dukansu gada ce tsakanin Hausa da Ingilishi, an gina su ne don mai Ingilishi ya tsallako wajenmu ko mu mu tsallaka wajensa. Bahaushen da ke son sanin zurfin kalmarsa sai ya fara bi ta harshen wani, ya ga yadda wani malamin mishan irin Bargery ya fahimce ta shekara casa'in da suka wuce. Shi ya sa nake girmama aikin da Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya ta Jami'ar Bayero ta fitar a 2006, ƙamusun da ke bayanin Hausa da Hausa. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Irinsa nake so in ga ya yi girma, ya sami jimlolin shaida masu shekaru, ya shiga wayar kowane ɗalibi.

Don kalma ɗaya ta Ingilishi ba za ta ɗauki kewa ba. Kewa daban, bege daban, marmari daban, ɗoki daban, shauƙi kuma da muka aro daga Larabci shi ma da wurin zamansa. Kana iya marmarin abu ba ka yi kewarsa ba. Ɗoki na abin da ke tafe ne, kewa ta abin da ya wuce ko ya yi nisa. Kowane Bahaushe yana jin wannan bambanci a jikinsa, amma ina aka rubuta shi yadda yaron da ya tashi a Landan ko Jidda zai buɗe ya gani? Haka kawaici da kara da alkunya, waɗanda manhajojin fassara kan dunƙule su wuri guda. Balle a zo ga kalmomin da ke ƙarfafa siffa: fari fat, baƙi ƙirin, ja wur, jiƙe sharkaf, cike maƙil, shiru tsit. Waɗannan su ne gishirin maganarmu, su ne kuma na'ura ta fi yi wa kisan gilla.

Akwai ma matsalar da ta riga wannan. Yawancinmu ba ma rubuta ƙ da ɗ da ɓ a waya, saboda haka ƙasa da kasa, ɓata da bata, ɗaki da daki duk sun zama abu ɗaya a idon injin bincike. Rubutunmu na yau da kullum ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali. Rubuta fari ka gani: launi kake nufi, ko rashin ruwan sama, ko ɗan fari, ko farin da mace ke yi da ido? Ƙamusun Hausa na intanet da ba shi da murya rabin ƙamus ne. Kuma muryar ba ta Kano kaɗai ba. Ina so in danna kalma in ji Basakkwace ya faɗe ta, in ji Bakatsine, in ji mutumin Damagaram, in ga inda mutanen Nijar suka aro daga Faransanci mu muka aro daga Ingilishi.

Asalin kalmomi kuwa, nan abin ya fi yi mini zafi, don tarihinmu yana kwance a cikinsu. Littafi da alƙalami da labari daga Larabci suke. Kasuwa ta biyo ta Barebari ta iso mu. Takarda da raƙumi sun ratso Sahara daga harsunan Buzaye da danginsu. Wanda ya bi sawun kalmomin nan zai ga hanyoyin fatake da na malamai shimfiɗe a gabansa. Amma da yake babu wani tabbataccen wuri da za a duba, kowa na faɗin abin da ya ga dama. Shekara da shekaru jaridun duniya suna maimaita cewa boko daga kalmar Ingilishi ta littafi, wato book, ta fito, har Paul Newman ya yi rubutu a 2013 ya nuna kalma ce ta Hausa tun asali, mai nufin abin da ba na gaskiya ba, abin yaudara. Har yau ina cin karo da tsohuwar maganar a intanet, wani lokaci ma daga bakin 'yan'uwanmu.

Ba na mance da masu ƙoƙari. Akwai matasan da ke rubuta Wikipedia ta Hausa ba tare da ana biyansu ba, akwai masu ba da muryoyinsu ga Common Voice, shirin tattara muryoyin mutane don na'ura ta koyi jin magana, akwai masana kwamfuta namu a ƙungiyoyi irin su Masakhane da ke tattara rubutun Hausa don na'ura ta koya. Allah Ya saka musu. Kuma in za a bi gaskiya, mutanen Wales tsoro ne ya sa su tashi tsaye. Masu jin harshensu raguwa suka yi tsakanin ƙidayar 2011 da ta 2021, duk da ƙamusun da dokoki da burin gwamnatinsu na kai su miliyan ɗaya nan da 2050. Mu kuwa harshenmu ba ya jiran doka. Yaɗuwa yake yi da ƙafarsa, har ma in ka buɗe taswirar Glottolog, shafin da ke jera harsunan duniya da danginsu, za ka ga ƙananan harsunan Bauchi da Filato, 'yan'uwan Hausa a iyalin harsunan Chadi, da yawa an yi musu alamar suna cikin haɗari, kuma Hausar ce ke haɗiye su. Wannan ma wani nauyi ne a kanmu da ba mu cika son a tayar ba.

Sai dai wannan ƙarfin shi ne ya sa muka yi barci. Muna ganin tun da ana jin Hausa a BBC tun 1957, tun da Nijar ta ayyana ta harshen ƙasa a 2025, tun da muna bikin Ranar Hausa kowace 26 ga Agusta, to shi ke nan. Harshe kan yi yawan baki alhali yana zubar da kalmominsa. Kayan aikin kuwa ga su nan zube: jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo tun daga 1939, rubuce-rubucen ajami na zamanin su Nana Asma'u, dubban littattafan marubutan Kano, kaset-kaset na makaɗan baka da ke gidajen rediyo. Da za a sami mutum ɗari biyu su yi abin da mutanen nan suka yi da guntayen takardu, yau ga kwamfuta, ba za a ɗauki shekara tamanin ba. Abin da muka rasa shi ne haƙurin fara aikin da wani ne zai ƙarasa, da hukumar da za ta riƙe shi ko da gwamnati ta canja.

Na san abin da ya sa maganar nan ta tsaya mini a rai, kuma ba ƙamus ba ne kawai. 'Yata tana aji uku. A nan dole ne kowane yaro ya koyi harshen Welsh har ya kai shekara 16. Takan dawo gida tana rera waƙoƙinsu, tana fitar da harafin nan nasu na ll da ake hura iska ta gefen harshe, wanda ni har yau bai zauna mini ba. In kalma ta shige mata duhu sai ta ɗauki wayar mahaifiyarta ta duba, ta ji an furta mata. In ta Hausa ce sai ta ce, "Abba, mene ne ƙiriniya?" In ina wurin aiki, tambayar ta mutu ke nan. Rannan ma ta tambaye ni wata kalma da ta ji a bakin kakarta, na buɗe baki zan ba ta amsa na ji ma'anar tana yi mini gizo, na san ta amma na kasa kamo ta. Shekara bakwai kacal da barina gida.

Da na tashi aiki da safen nan ban kwanta ba, na kira Inna. Bayan mun gaisa na ce, "Inna, don Allah mene ne bambancin kewa da bege?" Ta yi shiru kaɗan, ta ce, "Kai kuwa lafiya?" Na ce lafiya lau, tambaya ce kawai. Ta ce, "Kewa ai ta wanda ka saba da shi ce, ya tafi ya bar maka gurbi. Bege kuwa kana yin na wanda ba ka taɓa sa wa ido ba. Ba ka ji ana begen Manzon Allah ba?" Na ce ta maimaita, na danna naɗar murya, na kuma rubuta a bayan takardar aikina da kwanan wata, yadda na ga an yi a ƙamusun mutanen nan.

Sai ta ce, "To ni wanne zan ce ina yi wa takwarata, tun da a waya kaɗai na san ta? Yaushe za ku kawo mini ita?"